Zanen dutse da ɗanyen icce

Wanda ya taso daga Kano ya kama hanyar Daura, da ya wuce Ɗambatta ba ya daɗewa zai fara hango duwatsun Kazaure. In ya karkata ya nufi Roni ma duwatsun ne za su raka shi. Mu da muka tashi a gindinsu ba sai an yi mana fashin baƙin karin maganar nan ta "hali zanen dutse" ba. Mun hau dutsen muna yara, mun tafi neman abinci, mun dawo da furfura mun iske shi yadda muka bar shi. Wataƙila shi ya sa maganar take da sauƙin fita daga bakinmu. Yaro ya ɗauki abin wani sau ɗaya, a ce hali zanen dutse. Yarinya ta cika tsiwa, a ce hali zanen dutse. Saurayi ya faɗa shaye-shaye, a kaɗa kai a maimaita, a watse kamar an gama shari'a.

Amma bakin da ya faɗi wannan shi ne dai yake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ne kuma yake cewa gemu ba ya hana ilimi. Kakanninmu ba ruɗewa suka yi ba. Sun lura akwai abin da ke kafewa a jikin mutum da wuri, akwai kuma wanda ke zama ɗanye har tsufa. Abin da ya dame ni shi ne mun juya lissafin. Kan jariri, inda ya kamata a yi gaggawa, nan muke cewa da sauran lokaci. Kan matashi, inda ya kamata a yi haƙuri, nan muke naɗe tabarma mu ce an gama. Tsoho kuwa mun ɗauka ya daina sauyawa, sai jiran sa'i.

Akwai fannin ilimi guda da aikinsa ke nan, bin diddigin yadda hankali da ɗabi'a da zuciyar mutum ke sauyawa tun daga ciki har kabari. Jean Piaget, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980, ya zura wa yara ido, har da 'ya'yansa uku, ya gano cewa tunanin yaro ba ƙaramin tunanin babba ba ne, wani iri ne daban mai hawa mataki-mataki. Erik Erikson kuma a 1950 ya kasa rayuwa gida 8, ya ce kowane zango da tambayar da yake ɗora wa mai shi. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Harshenmu ya riga ya yi tsani: jinjiri, mai rarrafe, yayayye, yaro, saurayi da budurwa, magidanci, dattijo, tsoho tukuf. Tsangaya ma da nata, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi zuwa alaramma. Alƙur'ani a Suratur Rum ya kasa rayuwa uku, rauni da ƙarfi da komawa rauni, a Suratul Ahƙaf ya ware shekara 40 da ambato, a Baƙara ya yi zancen shayarwa ta shekara 2. Abin da masu bincike suka ƙara mana shi ne awo. Sun bi mutane ɗaiɗai shekara da shekaru, suka ga me ya tsaya, me ya gushe.

Mu fara da wanda ba ya iya kare kansa da baki. "Ai bai san komai ba," haka ake cewa in an ga mutum yana yi wa jinjiri hira. Ƙwaƙwalwar wannan da bai san komai ba kuwa, ranar haihuwa girmanta kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ta babba, kafin ya cika shekara 3 ta kai wajen kashi 80 cikin 100. Babu wani lokaci a rayuwa da za a sake irin wannan gini. Likitoci suna kiran tsakanin ɗaukar ciki da cikar yaro shekara 2 kwana 1,000 na farko, kuma wanda ya lissafa zai ga ya zo daidai da watannin ciki da wa'adin shayarwar da addini ya ambata. Da abinci ake wannan gini, da lafiya, da kuma murya da hannu da idon wanda ke kula da yaron.

A nan ne alƙaluman jiharmu suke sa mutum ya yi shiru. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Jihar tana sahun gaba a duk Najeriya. Matsalar tsumburewa ita ce ba ta kuka. Yaron da tamowa ta kama ana ganin ƙasusuwansa, a ruga da shi asibiti. Wanda ya tsumbure kuwa yana wasa, yana dariya, sai a ce gajartar gado ce, ai kakansa ma haka yake. In rabin yaran unguwa haka suke, ido ya saba, ba wanda zai ga abin a matsayin ciwo. Sai bayan shekara 6 ko 7, an kai shi makaranta karatu ya ƙi zama, a buɗe baki a ce daƙiƙi ne. Hukuncin da aka yanke masa a aji, tun yana goye aka rubuta shi.

Kuma ba a ƙasar da ba ta noma muke ba. Daga Gwiwa har Babura ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, ana kiwon kaji da zabi da awaki, zogale yana tsaye a bayan gida. Sai dai wake da gyaɗa da riɗi da ƙwai su ne kuɗin gida, su ake kaiwa kasuwa, abin da ya rage wa yayayye shi ne kunun tsurar gero, ya cika ciki bai gina jiki ba. Ban ce wannan don zargin manomi ba, wanda ya san kuɗin taki da na magani ya san me ya sa ake sayar da waken. Amma akwai abin da ba talauci ne ya kawo shi ba. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Har yanzu ana ɗura wa ɗan sati biyu ruwa saboda zafin bazara, ruwan ya tare gurbin nono, ya kuma shigo da gudawa.

Abinci ma rabin zancen ne. A 1986, a birnin Kingston na Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasan, abin da suke samu a sana'a ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Tasirin madarar bai kai nan ba. Na daɗe ina juya wannan sakamako a raina, domin gwangwani da tsumma da bakin uwa babu gidan da ya rasa su a Roni ko Yankwashi.

Ba a rasa ƙoƙari a Jigawa ba. Tsakanin 2013 da 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da wasu ƙananan hukumomin Zamfara, inda ake ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har ɗanta ya shekara 2, haɗe da wayar da kai kan ciyarwa. Masu auna shirin sun tarar tsumburewa ta ragu a garuruwan da aka yi shi. Ke nan an gwada a ƙasarmu, da matanmu, an ga yana ci. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta ɗauki wannan zango na rayuwa da nauyin da take ɗaukar ginin titi.

Al'adarmu tana da abin alfahari a nan, kuma ya kamata a faɗa. A 1977 wasu masana, cikinsu har da Robert LeVine, sun wallafa nazarin da suka yi kan jarirai 18 na Hausawa. Sun ga kowane jariri hannaye da dama ne ke rainonsa, ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma duk da haka yana da guda ɗaya da yake nema in ya tsorata, galibi wadda ta fi ɗaukarsa. Goyo, da yawan hannu, da kwana jikin uwa, gata ne da ƙasashe masu arziki suke kashe kuɗi su koya wa iyaye. Sai dai tsarin yana tafiya ne in gidan ya cika. Kunyar ɗan fari ba ta cutar da yaro a gidan gandu, domin in uwa ta kau da kai akwai kaka da gwaggo da za su rungume shi. Yau kuwa ga amarya 'yar shekara 16 a ɗakin haya a Kazaure, miji ya tafi cirani, ba kaka ba gwaggo, ita kuma an koya mata cewa yi wa ɗan fari wasa rashin kunya ne. Al'adar ta biyo ta, hannayen da ke cike giɓin ba su biyo ta ba. Haka yaye na dare ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi wani gari saboda sabon ciki ya shiga, ko aure ya mutu a raba shi da wadda ya sani. Muna cewa zai manta. Ƙwaƙwalwarsa ba za ta riƙe labarin ba, amma jikinsa da zuciyarsa sun ji.

Shekarun makaranta ba zan daɗe a kansu ba, sai abu biyu. Piaget yana da wani gwaji da kowa zai iya yi a tsakar gida. A zuba ruwa daidai a kofi biyu, a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya a gaban yaro, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Ɗan shekara 4 zai nuna kwalbar. Ɗan shekara 7 ko 8 zai yi dariya ya ce ai ruwan ɗaya ne. Na farkon ba wawa ba ne, lokacinsa ne bai yi ba, kuma bulala ba ta kawo lokaci. Ba banza ba ne addini ya sa fara umartar yaro da salla a shekara 7. To in haka ne, me ake nema a wurin ɗan shekara 5 da za a ɗora a mota a kai shi tsangayar wani gari, ya nemi abincinsa da kansa? Malaman tsangaya na da sun san kolo kulawa yake buƙata kafin karatu. Na biyun kuma, Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna irin nauyin ciniki da aike da yara ke ɗauka tsakanin matan kulle da kasuwa. Yarinyar da ke lissafin canjin ƙosai ba ta kuskure, in ta kasa lissafi a allo, sai a fara tuhumar yadda aka koyar kafin a tuhumi kanta.

Yanzu ga inda muka fi yin ɓarna da baki. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako ya taka wa mutum birki, shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Sashen da ke son daɗi da yabon abokai kuwa tun balaga yake tashi da ƙarfinsa. Tsakanin shekara 14 da 20 da 'yan kai, mutum kamar sabon babur ne mai ƙarfin inji da birkin da ba a gama ɗaurewa ba. Haka Allah ya yi kowa, har da mu masu furfura da muka manta. Magabata sun yi wa wannan zango shinge. Saurayi yana cikin gandu ƙarƙashin mahaifinsa, yana da gayaunarsa da yake nomawa don kansa, yana da sana'ar gado, yana da ranar da ya san za a yi masa aure a ba shi ɗaki. Ƙarfin yana da inda za shi, birkin kuma na manya ne kafin nasa ya yi ƙwari.

Wannan shinge ya faɗi a wurare da yawa. Gona ta rarrabu wajen gado har ta zama ba ta ci da gida. Aure ya yi tsada. Yaro ya gama sakandare, wani ma ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, ga sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021 za ta ƙaro wasu, amma takarda a hannu ba ta nufin wurin zuwa da safe. Sai a samu ɗan shekara 28 da jikin magidanci da matsayin yaro, ba shi da abin da wani ya dogara da shi a kansa. Wasu su tafi cirani Kano da Abuja da Legas, nesa da duk idon da suke jin kunya. Wasu su zauna a majalisa daga hantsi zuwa dare. A irin wannan fili ne kwalba da ƙwaya suke samun kasuwa. Gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma ba a hana zaman banza da doka.

Me muke yi in yaro ya faɗa? Mu ce ya lalace. Kalmar da muke faɗa wa nama ko tumatir, abin da ba ya dawowa. Daga nan sai neman inda za a ajiye shi. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sasari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka fito da 67 daga wani a Daura, nan maƙwabtanmu. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, kuma ba don ƙiyayya ba, sun rasa yadda za su yi ne. Amma ƙarƙashin wannan rashin dabara akwai wani imani, cewa halin ya riga ya zama dutse, sai dai a sa guduma. Alhali a Kazauren nan akwai asibitin masu taɓin hankali na jiha, kuma jarabar ƙwaya ciwo ce da ake yi wa magani, sai dai kunyar a ga mutum a ƙofar asibitin ta fi mana kunyar mari.

Abin da dogon bincike ya nuna ya saɓa wa wannan yanke ƙauna. A Amurka, John Laub da Robert Sampson sun bi sawun yara maza 500 na birnin Boston da aka taɓa tsarewa a gidan kangararru, suka bibiyi tarihinsu har wajen shekara 70. Mafi yawansu sun bar laifi da girma ya zo, kuma abubuwan da suka fi juya su su ne aure mai daɗi, da aiki tsayayye, da shiga wani tsari mai horo kamar soja. A 2006 Brent Roberts da abokansa sun tattara nazarce-nazarce 92 suka ga mutane suna ƙara natsuwa da riƙon amana da iya danne zuciya yayin da suke girma, kuma sauyin ya fi yawa tsakanin shekara 20 da 40. A Sikotland kuwa, a 1950 malamai sun auna ɗabi'un ɗalibai 1,208 'yan shekara 14. A 2012 aka samu 174 daga cikinsu suna da shekara 77 aka sake aunawa, aka tarar kamannin da ke tsakanin yaron da tsohon kaɗan ne ƙwarai. Adadin da aka samu bai da yawa, kuma masu awon farko daban ne da na biyu, don haka ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ko a unguwarmu muna da shaida. Na san wani da muka taso tare, wanda har iyaye suka riƙa hana mu tafiya da shi. Wani kawunsa mai gyaran injin ban ruwa ne ya ja shi jiki, ba wa'azi ba duka, kullum dai ya ce, "Taso mu je, ɗana, riƙe min wannan." Shekara uku yana riƙe sifana. Yau shi ake kira in rigima ta tashi tsakanin matasan unguwar, kuma yara biyar ne ke koyon aiki a hannunsa.

Ba ina cewa karin maganar ƙarya ce tsagwaronta ba. Ana haihuwar wani da sanyi, wani da zafi, kowace uwa mai 'ya'ya da yawa ta san haka. A garin Dunedin na New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, aka ga waɗanda suka fi iya kame kai tun suna ƙanana sun fi samun lafiya da rufin asiri da suka girma. Ke nan akwai zane. Amma a cikin binciken nan dai, yaran da kamun kansu ya ƙaru a hanya, rayuwarsu ta fi kyau fiye da yadda farkonsu ya nuna. Zanen yana nuna inda mutum ya karkata, bai rufe masa hanya ba. Kuma sau da yawa abin da muke kira hali, suna ne da muka laƙa wa yaro muka hana shi cirewa. Wanda duk gari ya kira ɓarawo, ba mai ba shi ajiya, ba mai ba shi 'ya, ba mai ɗaukarsa aiki, ina zai je ya gwada sabon hali?

'Ya mace kuma akasin wannan ne ke samunta. Namiji an bar shi a samartaka har ta gundure shi, ita kuwa ba a barinta ta yi ta. Yau tana wasan gaɗa, gobe an ce ta yi hankali, an ɗaura. Hankali ba ya zuwa da ɗaurin aure, ƙugu ma haka. Yarinyar da jikinta bai gama girma ba in ta ɗauki ciki, ita da ɗan cikin suna rabon abinci guda, sau da yawa a haife shi da ƙarancin nauyi, ya shiga layin tsumburewar da muka baro. Wanda yake son ganin ƙarshen lamarin ya je Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take kula da masu yoyon fitsari da masu wahalar haihuwa tun 2008. Ba ina jayayya da aure ba, ni ma ta hanyarsa na zo. Ina cewa 'yan shekarun da aka ƙara wa yarinya ta gama girma, ta yi karatu, ribarsu tana komawa kan jikan da kowa ke ɗokin gani.

Magidanci da uwar gida, masu shekara 40 zuwa 60, su ne ba a tambaya yaya suke. Suna ɗauke da na sama da na ƙasa, kuma hawan jini yana shigarsu ba sallama. Amma a nan ma mutum bai tsaya ba. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda mace Bahaushiya take samun murya da faɗa a ji yayin da shekaru suka tura. Matan da ke komawa Islamiyya da ajin yaƙi da jahilci da jikoki a gida, suna sauke Alƙur'ani suna da shekara 55, su ne tafsirin gemu ba ya hana ilimi, ko da ba su da gemun.

Tsufa ba gangara ɗaya ba ce. Masana sun raba basira biyu. Akwai saurin kama sabon abu da juya lissafi, wannan tun wajen shekara 30 yake fara ja da baya sannu a hankali. Akwai kuma tarin sani, na kalmomi da mutane da yadda al'amura ke ƙarewa, wannan yana ƙaruwa har cikin shekaru 60 da 70. Abin da babba ya hango ke nan, wanda yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dattijon da ya san iyakar kowace gona a ƙauyensu, ya san wace rijiya ce ba ta ƙafe ba a farin 1973 da na 1984, ba a maye gurbinsa da waya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin mantuwar tsufa da ciwon mantuwa, kuma mun haɗe su a kalma ɗaya, "ya rikice". Manta inda aka ajiye carbi tsufa ne. Manta hanyar masallacin da mutum ya yi shekara 50 yana zuwa, ko kasa gane ɗan cikinsa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani dogon bincike da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis ya tabbatar ciwon yana nan a Najeriya, ko da yake bai kai yawan na baƙaƙen fatar Amurka ba, kuma an san hawan jinin da ba a kula da shi ba yana cikin masu share masa hanya. Abin da ke ƙona min rai shi ne tsohuwar da ciwon ya kama, ta fita da dare tana sambatu tana kiran sunayen matattu, wani lokaci maimakon a kama hannunta a mai da ita gida, sai a fara raɗa cewa mayya ce. In ba ta da ɗa namiji a kusa, raɗar takan zama jifa. Wani tsohon kuma ba rikicewa ya yi ba, kunne ne ya yi nauyi, aka gaji da ɗaga murya aka daina yi masa magana, shirun ya cinye shi. Da yawa kuma cirani ya kwashe musu 'ya'ya, kuɗi yana zuwa ta waya, amma ba mai zama a gefen tabarma.

A gida ɗaya ake samun waɗannan biyun, jinjirin da ke buƙatar mai yi masa magana da tsohuwar da ke buƙatar wanda za ta yi wa. Al'ada ta riga ta haɗa su da wasan jika da kaka, da tatsuniya, da tawai. Kuma a gaskiya kaka ce ke yanke hukunci kan dakashi da ruwa da ranar yaye, ba amaryar da ake tara wa a yi wa bayani ranar awo ba. Amarya za ta ji, ta gyaɗa kai, ta koma gida ta yi abin da uwar miji ta ce. Don haka nake ganin kowane asibitin sha-ka-tafi a Gwiwa da Roni da Babura ya kamata ya ware rana ya kira kakanni, a yi musu magana da girmamawa, a kuma saurari abin da suka sani.

Na ga alamar haka a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa bayan girbin bara. Wata ma'aikaciyar lafiya ta durƙusa gaban wata tsohuwa da ke riƙe da jikanta ɗan wata huɗu, ga kofin ruwa da cokali a gefe. Ta ce, "Inna, ku kuka raine mu, ba zan koya miki raino ba. Alfarma nake nema, a bar mijin nan naki da nono zalla zuwa wata shida, mu gani." Tsohuwar ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa, duk da ruwa ta raine su. Ma'aikaciyar ta tambaye ta a hankali, nawa ne suka rayu. Tsohuwar ta daɗe ba ta ce komai ba, tana kallon yaron. Can ta ce biyar. Ta sa hannu ta tura kofin ƙarƙashin gado, ta ɗaga murya ta kira surukarta ta zo ta ba maigida abincinsa.